Wa ke riƙe da kundin adireshi? Batun ba na'ura adireshin dindindin a netwok

Duk wanda ya taɓa kula da kwamfutocin ofis, ko na makaranta, ko na shagon buga takardu, ya san wannan ƙorafin: "Oga, firinta ta ƙi." Jiya ta yi aiki lafiya lau, yau an tura takarda ta maƙale. A duba kebul, a duba tawada, a kashe a kunna, duk a banza, domin ba abin da ya sami firintar. Jiya tana zaune a adireshin netwok 192.168.1.104, yau ta wayi gari a 192.168.1.111, kwamfutocin ofis kuwa suna ta aika aiki tsohon adireshin, wanda wataƙila yanzu wayar wani baƙo ce ke riƙe da shi.

Maganin da kowa zai faɗa maka shi ne a ba ta adireshin da ba ya canzawa. Haka ne. Sai dai hanya biyu ake bi a yi hakan, kuma ko da yake a ranar farko sakamakonsu ɗaya ne, bayan shekara guda sai ka ga sun yi hannun riga. Ko dai ka shiga cikin na'urar ka rubuta mata adireshin da hannunka, ko kuma ka bar ta tana roƙon adireshi kamar kowa, amma ka gaya wa mai rabon cewa duk sanda wannan ta zo, ga abin da za a ba ta. Ni ina tare da ta biyun a mafi yawan lokuta, kuma dalilina bai shafi sauri ko ƙwarewa ba. Ya shafi inda ake ajiye gaskiyar wa ke da me.

Kafin a kai can, ya kamata a san abin da ya sa adireshin ke canzawa tun farko. Tsarin adireshin intanet na IPv4 da aka kafa a 1981 ya ba kowace na'ura lamba mai bit 32, wadda ake rubutawa kashi huɗu, kowane kashi daga 0 zuwa 255. A farkon zamani da hannu ake rubuta wa kowace kwamfuta nata. A 1985 aka fito da BOOTP, inda kwamfuta ke tambaya idan ta tashi, wata sabar kuma, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta duba jadawalin da mutum ya rubuta, ta ce mata ga adireshinki. Jadawalin nan ba ya motsi: kowace na'ura da layinta, har abada. Abin da DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, ya zo da shi a 1993, aka kuma gyara shi a 1997 a takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 2131 ta Ralph Droms, shi ne haya. Adireshi ya zama abin da ake ba da aronsa na wani lokaci, idan mai shi ya tafi a miƙa wa wani. Ke nan keɓe wa na'ura adireshi a sabar ba sabon abu ba ne da aka liƙa daga baya, shi ne ma tsohon tsarin, kuma takardar ta 1997 ta ambace shi ƙarara cikin hanyoyin rabo uku da ta amince da su.

Yadda hayar ke tafiya ba shi da wuyar ganewa. Na'ura ta shigo ba ta da adireshi, sai ta yi shela ga kowa da kowa a netwok ɗin cewa tana nema. Sabar ta amsa da tayi. Na'urar ta ce ta karɓa, sabar ta tabbatar, ta haɗa mata da wa'adi da sauran bayanan da take buƙata. Idan rabin wa'adin ya wuce, na'urar za ta koma wurin sabar ta nemi a sabunta. Idan ba ta ji amsa ba har aka ci kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin, sai ta sake yin shela ga duk wata sabar da ke ji. A hayar awa 24, wadda ita ce aka fi gani a ƙananan rautoci na gida (rauta ita ce akwatin da ke raba intanet, kuma galibi ita ce ke yin aikin sabar DHCP), ana neman sabuntawa a awa ta 12, ana fara shelar neman agaji a awa ta 21. Windows Server kuwa kwana 8 yake bayarwa idan ba a taɓa saitinsa ba.

Saboda haka na'urar da ke kunne dare da rana tana iya shekara a adireshi ɗaya ba tare da kowa ya keɓe mata komai ba, kuma wannan ne ke yaudarar mutane su ɗauka abin ya zauna. A wurin da wuta ba ta tsayawa labarin daban ne. Yawancin rautoci masu araha a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke riƙe jerin waɗanda suka ba haya. Da an ɗauke wuta jerin ya tafi. Idan aka tayar da janareta, na'urori talatin su farka lokaci guda, kowace tana neman a maido mata da nata, rautar kuwa ba ta tuna kowa. Galibi ana dacewa, wani lokaci ba a dacewa. Akwai ma wanda ya fi wannan ban haushi: firinta ta riga rautar gama tashi, ta yi shela ba wanda ya amsa, sai ta ba kanta adireshin da ya fara da 169.254. Duk inda ka ga wannan lambar, na'urar tana gaya maka ne cewa ta nemi DHCP ba ta samu ba.

Abin ya yi kama da kasuwa. Akwai masu kasa kaya da ake nuna wa wuri kowace safiya, yau nan gobe can, kuma ba wanda ya damu domin su ne ke bin masu saye. Akwai kuma mai rumfa, wanda dole a same shi inda aka bar shi jiya. Wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka masu kasa kaya ne: su ne ke fara magana, amsa kuma ta biyo su duk inda suke. Firinta, na'urar naɗar hotunan kyamarori, na'urar ɗaukar zanen yatsan ma'aikata, kwamfutar da ke riƙe da manhajar lissafin kuɗi ko ta bayanan marasa lafiya, waɗannan masu rumfa ne, wasu ke zuwa neman su. Tambayar ita ce ko sarkin kasuwa ya san da rumfar, ko kuwa mutum ya zo da dare ne ya kafa abarsa.

Rubuta adireshi da hannu shi ne kafa rumfa ba da saninsa ba. Za ka shigar da abu huɗu: adireshin, lambar da ke nuna iyakar netwok ɗin, adireshin ƙofar fita zuwa intanet (galibi rautar), da na DNS, mai juya suna zuwa lamba. Amfaninsa a fili yake, na'urar ba ta jiran kowa, ko DHCP ya mutu ita tana nan. Illarsa kuma ita ce sabar ba ta san an ɗauki wannan lambar ba, don haka rana ɗaya za ta ba wani.

Karon adireshi yana da wuyar ganowa saboda ba ya kashe abu gaba ɗaya. Idan kwamfuta za ta aika wa 192.168.1.108 saƙo, sai ta fara tambaya ta hanyar ARP: wa ke da wannan lambar? Idan na'ura biyu suka amsa, ta ɗauki amsar ɗaya ta ajiye na ɗan lokaci, an jima ta sake tambaya ta ɗauki ta ɗayar. Abin da mutane ke gani shi ne kyamara tana nunawa minti biyar, ta ɗauke minti uku, ta dawo. Sai a zargi kebul, a zargi zafin rana, a zargi mai sayar da kaya cewa jabu ya kawo. Gaskiya ne akwai kariya: wasu sabobin suna ƙwanƙwasa adireshi su ji ko da mai shi kafin su bayar, na'urori da yawa kuma suna dubawa da kansu su ƙi karɓa idan sun ji wani a ciki. Amma idan mai adireshin hannun a kashe yake lokacin da aka duba, ba wanda zai amsa, a bayar da lambar, shi kuma ya farka da safe ya tarar da wani a kai.

Ban zaɓi 108 haka kawai ba. Na'urorin Dahua da yawa da 192.168.1.108 suke fitowa daga kamfani, na Hikvision kuma da 192.168.1.64. Rautoci da dama daga 100 suke fara rabon haya. Mai haɗa kyamara ya zo ya ɗaura, ya ga hoto ya fito, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya bar lambar a tsakiyar kason da ake rabawa. Ba za a ji komai ba sai ranar da na'urorin ofis suka yi yawan da rabon ya iso wurin.

Illa ta biyu ba ta bayyana sai ranar canji. A ce an bar kamfanin intanet ɗaya an koma wani, sabuwar rautar ta zo da 192.168.8.1 kamar yadda na Huawei da yawa ke zuwa, alhali tsohuwar 192.168.1.1 ce. Duk abin da ke kan DHCP zai bi sabon tsari da kansa. Duk abin da aka rubuta wa da hannu ya kurumce, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, ciki har da kyamarar da ke saman katanga wadda ba wanda ya tuna kalmar sirrinta. Wanda ya saita su kuwa ya bar aikin tun bara, kuma a kansa kaɗai lambobin suke.

Keɓewa a sabar DHCP tana kawar da duka biyun. Kowane katin netwok yana da lambar MAC mai bit 48, ana rubuta ta da alamomi 12, kamar 00:00:5E:00:53:01, kuma a al'ada rabin farko hukumar IEEE ce ke ba kamfanin da ya ƙera. Sai ka gaya wa sabar cewa wannan MAC ɗin, wannan adireshin. Na'urar ba ta ma san an yi mata gata ba, tana yin shelarta yadda ta saba, amsar ce kawai ba ta canzawa. A rautar MikroTik danna Make Static ne a kan hayar da ke akwai, a manhajar dnsmasq layi ɗaya ne da ya fara da dhcp-host, a Windows Server kuma akwai sashe na musamman a ƙarƙashin kowane kason adireshi. Ranar da aka canza DNS ko ƙofar fita, wuri ɗaya za ka gyara. Kuma ko ba ka yi niyya ba ka sami kundi: jerin da ke nuna kowace na'ura, lambarta da sunanta, wanda ba zai saɓa wa abin da ke faruwa ba tunda shi ne ke rabon.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke tuntuɓe da sababbin hannu. Na farko, keɓewar ba ta aiki nan take. Na'urar za ta ci gaba da riƙe tsohon adireshinta har sai ta zo sabuntawa, ko an kashe ta an kunna. Na biyu, manhajoji sun saɓa kan ko adireshin da aka keɓe zai kasance cikin kason haya ko wajensa. A tsohuwar manhajar ISC DHCP, wadda masu ita suka daina kula da ita a ƙarshen 2022 suka koma sabuwar manhajarsu Kea, sanya shi cikin kason yana iya jawo a ba wani shi. Wasu kuma sun san su tsallake shi da kansu. Wanda ya fitar da keɓaɓɓun adireshinsa waje da kason haya, inda manhajarsa ta yarda da haka, ya huta da wannan tunanin.

Ban ce a daina rubutawa da hannu kwata-kwata ba. Akwai na'urorin da ba za su jira DHCP ba domin shi kansa a kansu ya dogara: rautar, sabar DHCP ɗin, sabar DNS, adireshin shiga siwic-siwic (akwatunan da ake soka kebul ɗin na'urori a ramukansu) domin kula da su, da babbar kwamfutar da ke ɗauke da sauran sabobi a cikinta. A ce sabar DHCP tana zaune cikin wata babbar kwamfuta, ita kuma babbar tana jiran DHCP ya ba ta adireshi kafin ta iso ma'ajiyar da sabar ke kwance. An ɗauke wuta an dawo da ita, kowa na jiran kowa, ba mai tashi. Irin waɗannan da hannu ake rubuta musu, amma a wajen kason haya, kuma a shigar da su kundin duk da haka. A ƙaramin netwok mai adireshi 254, ni nakan so 1 zuwa 19 su zama na hannu, 20 zuwa 99 na keɓewa, daga 100 zuwa sama na haya. Ba doka ba ce, amfaninta kawai duk wanda ya ga lamba ya san irin na'urar da ke bayanta. Idan kuma ana tunanin wata rana ma'aikata za su riƙa shigowa daga gida ta VPN, wato ɓoyayyar hanyar da ke haɗa su da netwok ɗin ofis ta intanet, gara tun farko a kauce wa 192.168.0 da 192.168.1, tunda su ne a kusan kowane gida. Takardar RFC 1918 ta 1996 ta ware wa netwok na cikin gida duk abin da ya fara da 10, adireshi sama da miliyan 16, ga kuma 172.16 zuwa 172.31.

Raunin keɓewa yana wurin da ƙarfinta yake, wato lambar MAC. An gina tsarin ne a zamanin da ake ɗauka lambar nan ba ta rabuwa da na'ura, yau kuwa ba haka ba ne. Kwamfuta ɗaya tana da MAC na kebul da MAC na Wi-Fi, kowanne daban. Idan ta ƙaramin abin da ake soka wa a USB take shiga kebul, lambar ta abin ce, duk wanda ya are shi ya ari adireshin. An kai firinta gyara an canza mata allo, ta dawo da sabuwar lamba. Sannan ga wayoyi: tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, waya tana ƙirƙirar lambar MAC ta daban ga kowane Wi-Fi da ta shiga, domin kada a riƙa bin sawun mai ita daga wuri zuwa wuri. Ana gane irin wannan lambar da alama ta biyu: idan 2 ce, ko 6, ko A, ko E, ba ta kamfani ba ce. Yawanci takan zauna daram a netwok ɗaya, amma tana iya canzawa idan aka goge wayar aka sake saita ta, kuma sababbin wayoyi na da zaɓin juya ta lokaci-lokaci. Wasu masu kula da netwok sukan umarci kowa ya kashe wannan kariyar. A ganina wannan wuce gona da iri ne. Wayar ma'aikaci ba ta buƙatar adireshin dindindin, ba mai zuwa nemanta. Idan kwamfutar hannu ce ta kantin magani da ke magana da manhajar lissafi, to ita kaɗai a kashe mata, a wannan netwok ɗin kaɗai.

Masu aiki da Linux suna da nasu ciwon kan. Wasu na'urorin ba da MAC suke gabatar da kansu ba, da wata lambar shaida ce da ake sakawa a zaɓi na 61 na saƙon DHCP. A tsarin da ke amfani da manhajar saita netwok ta systemd-networkd, lambar daga fayil ɗin machine-id ake samo ta, don haka idan aka kwafi sabar guda sau uku ba a sabunta fayil ɗin ba, ukun za su zo da shaida ɗaya a ba su adireshi ɗaya, ko da MAC ɗinsu ya bambanta.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗaukar keɓewa a matsayin tsaro. Ana yawan yi: a keɓe wa kwamfutar shugaba adireshi, a buɗe wa adireshin komai, a taƙaita wa sauran. To ai ba abin da ya hana wani ya rubuta wa kansa wannan lambar da hannu ranar da shugaba ya yi tafiya. Lambar MAC ma canza ta ba ya ɗaukar minti biyu, kuma a Wi-Fi a bayyane take yawo ko da an sa kalmar sirri. Keɓewa tsari ce, tana hana masu gaskiya karo da juna. Wanda ke son tsaro sai ya nemi siwic mai iya tantance na'ura da ƙa'idar 802.1X kafin ya buɗe mata rami, mai iya sa ido kan saƙonnin DHCP ya ƙi duk adireshin da ba sabar ce ta bayar ba, sannan ya raba kyamarori da baƙi da kwamfutocin kuɗi zuwa VLAN daban-daban, wato netwok-netwok da aka raba a cikin siwic. Wannan sa idon ne kuma maganin wata annoba da kowane ofis ya sani: wani ya zo da 'yar rautarsa daga gida domin sabis ya fi ƙarfi a ɗakinsa, ya soka kebul ɗin bango a ramin da bai dace ba, ta fara raba nata adireshin, rabin ginin ya rasa intanet.

Inda ake da irin wannan siwic ɗin ana iya barin MAC gaba ɗaya. Zaɓi na 82, wanda RFC 3046 ta kawo a 2001, yana sa siwic ya liƙa wa roƙon bayanin ramin da ya fito. Sai a ɗaure adireshi da ramin, ba da na'urar ba. Masana'antu na son wannan: na'ura ta lalace da tsakar dare, a cire a soka sabuwa a wurin, ta sami adireshin tsohuwar ba sai an taso injiniya daga barci ba. A IPv6 kuwa, tsarin adireshin da ya biyo bayan IPv4, lissafin ya sake canzawa, domin DHCPv6, wato DHCP ɗinsa, da wata lambar shaida mai suna DUID yake gane na'ura, na'urori da yawa su ke haɗa wa kansu adireshi, Android kuma ta daɗe ba ta karɓar adireshi ta DHCPv6. A can, da ma a nan, kiran na'ura da suna ta DNS ya fi haddace lamba, kuma idan kwamfutoci da suna suke neman firinta, canjin lambarta ba ya damun kowa.

Saura ruɗani ɗaya da ke sa mutane kashe kuɗi a banza. Mai shago ya keɓe wa na'urar kyamarorinsa adireshi, ya buɗe mata hanya a rauta, ya koma gida ya ga ba ya iya kallo. Adireshin da ya keɓe na cikin gida ne, duniya ba ta ganinsa. Wanda duniya ke gani kamfanin intanet ne ke bayarwa, kuma ya yi ƙaranci: IPv4 gaba ɗaya bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, IANA, hukumar da ke rabon adireshi ga duniya, ta raba na ƙarshe da ke hannunta ranar 3 ga Fabrairu 2011, AFRINIC da ke raba na Afirka daga Morishus ita ma da awo take bayarwa yanzu. Shi ya sa kamfanonin waya ke tara masu amfani da yawa bayan adireshi ɗaya. Ana iya dubawa a shafin rautar: idan adireshinta na waje yana tsakanin 100.64 da 100.127, kason da aka ware wa wannan aikin a 2012, ko ya fara da 10, to buɗe hanya ba zai yi komai ba. Sai dai ya biya kamfanin ya ba shi adireshin waje na kansa, ko ya haɗa ta VPN da ke fita daga cikin shagon zuwa waje, ko ya bi ta manhajar kamfanin kyamarar. Idan ya zaɓi biyan, keɓewar da ya yi a ciki tana nan da aikinta, domin hanyar da ya buɗe a rauta lamba ɗaya take nunawa, kuma dole na'urar ta kasance a kanta kullum.